Yadda Na Kai Ƙafar Isuhu Birnin Kudu

Tunda muka dawo ban sha shayi da zafinsa ba. Da na ɗaga kofi sai wani ya dafa ni: "Tanko, wai da gaske a can fitsari ake dafawa?" Wani ya ce, "An ce likitan Ba'indiye ne, to da wane baki kuka yi magana?" Shekaranjiya har liman ya ja ni gefe bayan la'asar, na zaci wa'azi zai yi min, ashe shi ma labarin yake so. To ga shi nan gaba ɗaya, kowa ya ɗebi rabonsa, a bar ni in yi facin tayoyina. Wanda ya ga kamar na ƙara gishiri ya je ya tambayi Isuhu.

Ga wanda bai san shi ba, Isuhu taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, wato bawana ne halak malak, ko da yake ya girme ni kuma ya fi ni rumbu. Manomin rake ne a fadamar bayan Basirka. Mutum ne wanda in ka ce masa tsaya nan, ko ruwa ya tsuge a nan za ka same shi. Bara ya fara rama, ga ƙishirwa, ga zaryar bayan gida, in ya yi fitsari kiyashi su taru kamar ana rabon gado. Na raka shi Gwaram ranar da wani likita mai zagayawa ya zo. Likita ya yi Turancinsa, tafinta ya juyo ya ce, "Ciwon sukari ne. Ga ƙwayoyi. Daga yau kada ka ƙara cin abu mai zaƙi." Da kunnena na ji.

Daga ranar Isuhu bai ƙara kai dabino bakinsa ba. Nakiya, alkaki, ƙosan rogo mai sukari, duk ya sake su saki uku. A wajen suna in an miƙo masa dabino sai ya kawar da kai kamar an nuna masa surukarsa. Duk da haka rama ba ta tsaya ba. Sannan da kaka ya taka tsinin kututturen rake, bai ma ji ba sai da ya ga jini. Ciwon ya ƙi warkewa. Wanzami ya yi nasa, tsofaffi suka yi nasu, ƙaramin yatsa ya fara baƙi. Malamin asibitin Gwaram ya kwance tsumman, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ku tafi Birnin Kudu gobe. In kuka yi wasa, daga gwiwa za a cire ta." Manomin fadama kuwa da ƙafa yake shiga laka. In babu ita babu rake, kuma gidan Isuhu kaf, har da tsohuwarsa, a kan raken nan suke.

Muka shiga motar katako da safe. Isuhu ya miƙe ƙafar a kan buhun gero, ni kuma na rungume damin rake da za mu kai wa mai masaukinmu tsaraba. Lokacin ba a daɗe da komawa tuƙin hannun dama ba, direbanmu har ƙyalle ya ɗaura a wuyan hannu don kada ya manta, amma da ya sami hanya fayau sai motar ta sulale hagu kamar jakin da ya san gidansu. Da mun hango wata motar tafe sai mu haɗa baki daga baya: "Dama! Dama!" Akwai wata Bafillatana a kusurwa da ƙwaryar fura da nono. Karo na farko ta yi shiru. Da muka sake kwarma ihu sai ta buɗe faifai ta ce, "To wa za a dama wa? Ku yi magana ɗaya-ɗaya mana." Motar nan har karkata ta yi don dariya. Tunda ta riga ta buɗe, aka dama ɗin. Isuhu ya sha, da sukarinsa, ya yi hamdala.

Kowa a motar nan likita ne. Wani mai kaji ya ce a ɗaura ɗanyen kashin shanu. Wani ya ce ruwan batir, ya taɓa gani a Jos. Wani tsoho ya dubi ƙafar, ya dubi Isuhu, ya fara yi masa addu'ar da ake yi wa mai tafiya Makka a ƙasa. Isuhu kuwa ya juyo wajena. Ya zari kara ɗaya daga damin ya miƙo min, na fere masa, ya dinga sha yana tofar da tuka ta tsakanin katako. Wajen Sundimina taya ta fashe, muka zauna gindin tsamiya har rana ta take. Kafin a gama faci damin nan ya rame fiye da mai shi. Na ce, "Bawa, tsarabar Alhaji ce fa." Ya ce, "Ai ban ci komai ba tun safe, Tanko, bari in jiƙa maƙogwaro."

Kun tambaye ni ko akwai iyaka a hanya. Akwai, ƙofar asibiti. Mai gadin tsohon soja ne, ya je yaƙi ya dawo amma har yanzu ba a gaya masa an gama ba. Ya dubi damin ya ce, "Ba a shiga da makami." Na ce, "Ranka ya daɗe, rake ne." Ya ce, "Da shi za a iya fasa kai ko ba za a iya ba?" Na yi tunani na ga gaskiyarsa, na jingine shi a bango. A ciki wata nas ta wanke ciwon, ta naɗe da bandeji fari sol, har Isuhu ya ji kunyar ɗaya ƙafar. Ta ce masu sukari ranarsu guda, gobe ce, a barandar baya, kuma kowa ya zo da fitsarinsa na farkon safiya a kwalba mai tsabta.

Muka sauka gidan Alhaji Mato, dillalin da ke sayen raken Isuhu. Ya karɓi ragowar damin ya juya shi ya ce, "Bana ɓera ya yi muku ɓarna ke nan." Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Mutanen Birnin Kudu akwai karamci, sai dai miyarsu ruwa-ruwa ce, in ka saki loma a ciki sai ka nemi mai kwalekwale. Aka kawo dabino, Isuhu ya ture. Aka kawo kunun zaƙi, ya kafa kai.

Neman kwalba ya fi neman masauki wuya. Daga ƙarshe uwargidan Alhaji ta aiko da kwalbar turare da ta ƙare. Da asuba Isuhu ya cika ta, ya toshe, ya sa a aljihu, muka nufi masallaci. Muna bakin ƙofa ya ja ya tsaya. "Tanko, najasa fa." Muka zagaya bayan bango za mu ɓoye, sai ga kwalabe a jere a gindin wani dalbejiya, kowacce da zarenta a wuya, wannan ja, wannan baƙi, wata ma da ɗan layar fata. Ashe masu sukarin ƙauyuka da ke kwana a unguwar sun daɗe da warware wannan mas'ala. Na yage bakin hulata na ɗaura wa tamu. Karatun farko ke nan, tun ba mu ga likita ba.

A gida, in mutum ba shi da lafiya, rufa-rufa ake yi. Ka je wurin malam ko wanzami bayan kowa ya watse, ka yi ƙasa da murya, ka ce wani abokinka ne abin ya sama. A barandar nan kuwa benci aka jera zagaye, maza nan, mata can, kowa da kwalbarsa a gabansa kamar 'yan koli. A tsakiya ga teburi, ga 'yar fitila mai shuɗiyar wuta, ga wata mata doguwa cikin fararen kaya, Sista Rifkatu, mutuniyar wajen Filato. Hausarta ta bariki ce amma tana kaiwa inda aka aike ta. Likita yana gefe a kujera, ɗan siriri, Hausarsa duka "sannu" ce da "yawwa", su ma yakan sa su inda ba nan ba ne.

Sai ta zuba wani shuɗin ruwa a siririyar kwalba, ta ɗiga fitsarin mutum, ta kara a wuta. In ya tsaya shuɗi kamar an tsamo daga marina, to ka ci, har tafi ake yi. Kore, da sauƙi. Rawaya kamar garin ɗorawa, sai a fara gyaran murya. In kuwa ya koma ja kamar jar ƙasa, kowa sai ya sunkuyar da kai. 'Yan shuɗi har zama suke na daban, suna duban sauran kamar alhazai a cikin waɗanda ba su je ba.

Kuma ba gwajin ne kaɗai ba. Duk wanda aka zo kansa sai ya faɗi abin da ya ci jiya da abin da ke damunsa, a gaban kowa, sauran su sa baki. Sista ba ta cika magana ba, sai in an kauce ta dawo da mutane hanya. Wani tela ya ce allura tana sa shi rawar jiki da gumi kafin azahar. Kafin Sista ta buɗe baki wani mai jaki ya ce, "Kana karyawa bayan allurar?" Tela ya ce sai ya buɗe shago tukuna. Mai jaki ya ce, "To nan ne. Ni sai da na faɗo daga kan jaki na gane." Wata tsohuwa 'yar Dingaya, Inna Talle, ta zaro ɗan madubi daga ƙugunta ta nuna yadda take duba tafin ƙafarta kullum, tunda ƙafar mai sukari ba ta kawo ƙara ko ƙusa ta shige ta. A ƙarshen bencin maza akwai Malam Garba, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe da fil, sanda biyu a jingine. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Ku dinga zazzage takalmi kafin ku sa. Ni tsakuwa ce." Na ga Isuhu ya janye ƙafarsa ƙarƙashin benci.

Aka zo kanmu. Sista ta buɗe kwalbar, ƙamshin turare ya tashi, wani daga baya ya ce, "Kai, wannan na amare ne." Aka kara a wuta. Jama'a, ko ƙyaftawa ban yi ba ya zama ja. Ban taɓa ganin ja irin wannan ba, ko manja albarka.

Sista ta ce, "Baba, mene ka ci jiya?"

Ya ce, "Tuwon dawa loma kaɗan, da miyar kuɓewa."

"Shekaranjiya fa?"

"Shi ɗin dai."

"Ba ka ci abu mai zaƙi ba?"

"Rabona da cin zaƙi tun bara."

"Kana haɗiye ƙwayoyi?"

"Ko ɗaya ban tsallake ba."

Likita ya taso ya kwance bandejin, ya danna nan ya danna can, ya yi magana da Sista a hankali. Ta juyo ta ce, "Likita ya ce in da abinci ne ya kawo wannan ja, da sai a gyara abinci a jira ciwo ya warke. Amma in mutum yana kiyayewa yana shan magani kuma abu yana haka, jira haɗari ne, ruɓa zai hau sama. Gara a cire da wuri. Sai dai in akwai abin da ba ka faɗa ba."

Isuhu ya miƙe da ƙafa ɗaya, yana dafe da kafaɗata. Muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce, "Ni ne zan yi ƙarya a gaban iyayena mata? Tanko, ɗauko hulata. In yankewa ce gara in mutu da abata a gida." Ni ma na hau, na ce ni shaida ne, mutumin nan ko a mafarki aka ba shi dabino sai ya farka.

Inna Talle ce ta tsayar da mu. Tun ɗazu take kallonsa tana tauna goro. Ta ce, "Zauna, ɗan nan, ba a kai ga hula ba. Daga ina kuke?"

"Basirka, Inna."

"Me kake nomawa?"

"Rake."

Sai na ji bencin nan duka ya yi "Uhmmm," kamar an taɓa gidan zuma.

Ta ce, "Jiya kara nawa ka sha?"

Ya ce, "Ai mai gona ba ya ƙirga rake, Inna."

"Fura fa?"

"Na sha."

"Da sukari?"

"To da me ake shan ta?"

"Da daddare?"

"Kunun zaƙi, gidan Alhaji."

Sista ta dafa teburi. "Baba! Ba ka ce ba ka ci zaƙi ba?"

Isuhu ya dube ta da iyakar gaskiyarsa ya ce, "Ban ci ba. Sha na yi. Ci aka hana ni."

Babu wanda ya yi masa dariyar mugunta, domin rabin bencin sun bi ta wannan hanyar. Inna Talle ta ce ita da zuma ta yi nata, safe da yamma, tana cewa ai magani ce, sai da idonta ya fara dishi-dishi. Mai jaki ya ce shi bishiyar mangwaro guda ya shanye a bazara ɗaya, yana zagin ƙwayoyin likita. Tela ya ce shi alewa. Ni kuwa na tura wuƙar firar da ke aljihuna can ƙasa, domin duk tsawon hanyar nan ni ne mai fere masa, kuma ko sau ɗaya abin bai zo min a ka ba. Ku ma da ke dariya yanzu, wa ya taɓa jin ɗayanku ya ce ya ci rake?

Sai da Sista ta sha fama kafin likita ya gane. Ta ce a yarensu ma rake ci ake yi. Likita ya kama biro ya sa a baki kamar kara, ya yi alamar kurɓa, ya ware hannu yana tambaya ta yaya ake shan itace. Nan fa aka shiga koya masa: ana shan rake, ana shan mangwaro, ana shan taba, ana shan iska. Malam Garba ya ce, "Ana shan wahala." Likita ya ce, "Yawwa," kuma wannan karon ya sa ta daidai. Sannan ya sake durƙusawa kan ƙafar, ya daɗe, ya ce zai jira zuwa zama na gaba. Allura kullum, wanki kullum, kuma ya ja layi da biro a kan fatar: in baƙin ya haye layin nan, babu sauran magana.

Zaman jiran nan shi ne wahalar tafiyar. Mutumin da ya tashi da kara a baki tun yana goyo, yanzu yana zaune a zauren dillalin rake, dammunan rake a jingine har rufi. Sai in ga ya kafa musu ido leɓensa na motsi. In ce, "Bawa, hira kuke?" Ya ce, "Ƙyale ni, Tanko." Uwargidan Alhaji kuma ta yi fushi da aka mayar mata da kunu, ta aiko a tambaya ko an ga ƙuda a ciki ne.

'Yan bencin ne suka fitar da mu. Da yawansu suna zuwa allurar safe, to a layi ake ci gaba da karatu. Inna Talle ta koya masa abin da ake ce wa mai gida: kada ka ce ba ka so, ka ce "An ɗaure min baki, a ba yara albarkacina." Ya gwada, sai ga uwargida ta huce har tana aiko da kwaɗon zogale. Mai jaki ya ce in kwaɗayin ya taso ya tauna asuwaki, baki dai aiki yake nema. Tela ya auna ƙafar da zare ya kai wa wani baduku, aka yi masa takalmi mai faɗin baki. Isuhu kuwa ya zama ɗan tambaya. Komai aka ambata sai ya ce, "Shi wannan ci ne ko sha, kuma an hana ko ba a hana ba?" Har ruwan rijiya sai da ya tambaya. Kullum da safe in nas ta kwance bandeji, ni da shi sai mu leƙa layin biron nan.

Ranar zama na gaba Sista ta kara kwalbar a wuta. Ya bar shuɗi, ya yi kore, ya ɗan karkata wajen rawaya, duk muka riƙe numfashi, sai ya tsaya a nan. Inna Talle ta rangaɗa guɗa har mai gadi ya leƙo da kulki. Likita ya duba: baƙin bai kai layi ba, gefen ciwon ya fara jan nama. Sista ta ce, "Ƙaramin yatsa ya riga ya mutu, shi za a cire. Ƙafa taka ne." Isuhu ya ce, "Har gwiwar?" Ta ce, "Har gwiwa, har ƙasa, duka." Malam Garba ya jawo sandunansa, ya taso da kyar, ya zo ya ba Isuhu hannu.

Yatsan dai an cire. Na ce masa kada ya damu, dama ba ya noma ba ya zuwa masallaci, zaman banza yake a takalmi.

Yanzu ga shi can ya koma fadama, yana ɗingishi kaɗan, duk wata yana hawa motar katako ya je bencinsu da kwalbarsa. Matsala ɗaya ta rage. Ranar kasuwar da ta wuce wani baƙo ya ɗaga kara daga raken da Isuhu ya kasa ya ce, "Malam, da zaƙi?" Isuhu ya buɗe baki ya rufe. Sabon raken da ya sara bai taɓa harshensa ba, kuma ba zai shaidi abin da bai sani ba. Baƙon ya fara ajiye karan. Sai na ji an ƙwala min kira daga tsallaken hanya, na bar tayar mutane a cikin ruwa na zo. Isuhu ya zaɓi mafi kauri, ya fere da hannunsa, ya miƙo min, ya kawar da kai gefe.

Ya ce, "Sha, ka gaya masa. Kuma Tanko, don Allah, kada ka ƙara komai a kai."